Ku Daina Ɗora wa Seita Laifin Manya

Akwai hukuncin da ya zama ruwan dare a bakin masu kallon Hotaru no Haka, fim ɗin zane na Japan da Isao Takahata ya fitar a 1988. Wai girman kan Seita ne ya kashe ƙanwarsa Setsuko, wai da ya haƙura da gorin gwaggonsu a Nishinomiya bai bar gidanta ba, da yarinyar ta rayu. Wannan hukunci zalunci ne, kuma ina ƙin sa har zuci.

Shekarun yaron nan goma sha huɗu. A watan Yuni na 1945 jiragen Amurka suka yi wa birnin Kobe ruwan bama-baman wuta, ya ga mahaifiyarsa a naɗe cikin bandeji, jini ya rine shi, har ta cika. Mahaifinsa hafsan sojan ruwa ne, babu labarinsa. Shi kaɗai ya goya yarinya 'yar shekara huɗu, yana ɓoye mata mutuwar uwarsu. Irin wannan yaro ake so ya yi dabarar dattawa?

Ku dubi manyan da suka kewaye shi. Gwaggo ta sa an musanya tufafin marigayiyar da shinkafa, sannan ta riƙa kwaso wa 'yarta da ɗan hayarta ƙwayar daga gindin tukunya, marayun kuwa ta tsiyaya musu ruwa-ruwan sama. Manomi ya lakaɗa wa Seita duka saboda ya saci amfanin gona. Likita ya duba ƙurajen bayan Setsuko, ya ce rashin abinci ne, ya sallame su ba magani ba loma. Rabon abincin gwamnati kuma ta hannun ƙungiyoyin unguwa yake bi, duk wanda ya fita daga cikinsu babu rabonsa. Manya ne suka tsara haka, su ne kuma suka ja ƙasar cikin yaƙin.

Gaskiya ne Takahata da kansa ya ce fim ɗin ba na adawa da yaƙi ba ne, kuma Akiyuki Nosaka, da ya rubuta asalin labarin a 1967, ya rayu yana zargin kansa kan ƙanwarsa da yunwa ta kashe. Amma nadamar wanda ya tsira ciwo ce, ba ta zama hujjar da ɗan kallo mai ƙoshi zai riƙe ya yanke wa maraya hukunci. Shi kansa Seita yunwar ce ta kashe shi a tashar jirgin ƙasa ta Sannomiya a watan Satumba na 1945, manya suna giftawa suna tsaki wai ya ƙazantar da wuri.