Alƙalamin Aiki Ba Na Ado Ba Ne

Ma'aikacin da ke wuni yana rubutu ba ya bukatar alƙalamin tawada mai bakin zinariya irin na Montblanc. Bakin ƙarfe ya wadatar, muddin an lura da abubuwa uku kafin a biya kuɗi.

Na farko shi ne kaurin baki. Takardar ofis galibi mai araha ce, tana shan tawada har rubutu ya ɓullo ta baya, saboda haka baki siriri mai alamar F shi ya fi dacewa. Bakin Pilot da Platinum na Japan ya fi na Lamy ta Jamus siranta, ko da alamar ɗaya ce.

Na biyu, hanyar ɗura tawada. Lamy Safari, wanda ya fito a 1980, ba ya karɓar kwanson tawada sai na kamfaninsa. In ya ƙare a garin da ba a sayar da shi, aiki ya tsaya. Wanda ya zo da ƴar ma'ajiya mai zuƙo tawada daga kwalba, kamar yawancin Jinhao na Sin, ya fi rufin asiri.

Na uku, murfi. Da hunturu tawada kan bushe a baki, don haka murfi mai rufewa gam irin na Platinum Preppy ya fi ƙyalƙyali amfani.

Sai gargaɗi guda: tawadar allo, mai ƙaro da baƙin tukunya, toshe irin wannan alƙalami take yi. Wanda ya ɗura ta ya yi asarar kuɗinsa.