Kafin a Kawo Asid, a Fara Kawo Ruwa

Da zarar watan Afrilu ya kama, sai makarantun sakandare su tuna suna da ɗakin gwaje-gwaje. A buɗe ƙofar da ta shekara a garƙame, a share ƙura da kashin ɓera, a aika Sakkwato a sayo asid da soda, don WAEC ta ƙarato, NECO kuma na biye da ita. Yaron da ya shekara uku yana kwafar zanen buret daga allo, a makon nan ne zai fara riƙe ta da hannunsa. Na daɗe ina koyar da kemistiri tsakanin Bodinga da Shagari, kuma maganata ɗaya ce: makarantar da ba ta ajiye ruwa a ɗakin nan ba, ba ta da hurumin buɗe kwalbar asid.

Idan sinadari ya fantsama a ido, maganin farko ruwa ne mai tsabta, a buɗe idon a yi ta kwarara shi aƙalla minti 15 ba tsayawa. Ba buta ɗaya ke wannan aiki ba, ba kuma ledar fiya wata biyu ba. Wanda ya ce bari a nemo mota a kai yaro Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tukuna, to kafin a wuce Bodinga aikin gama ya gama. Mutane sun fi tsoron asid, alhali soda ta fi shi mugunta a ido, domin ita ratsa nama take yi ta ci gaba da ci. Santsin da kake ji in ta taɓa yatsa, kitsen fatarka ne take narkarwa. Matan da ke haɗa sabulu a gida sun fi ɗalibanmu sanin wannan.

A wata makaranta da na taɓa koyarwa, na ga yarinya tana zuƙo ruwan soda da baki ta cikin fifet, don ba a sayi 'yar robar zuƙowa ba. Idonta na kan layin awo, ba ta lura bakin fifet ɗin ya ɗago daga cikin ruwan ba. Iska ta shiga, ruwan ya yi tsalle ya faɗa mata baki. Kafin in iso, wata ta ruga neman manja, wata na cewa, "Malam, a sa mata yatsa ta yi amai!" Allah ya taimaka ruwan mai sauƙi ne, kuma ba ta haɗiye ba. Amai a nan ƙarin ɓarna ne, abin da ya ƙone maƙogwaro da shiga zai sake ƙone shi da fita. A kurkure baki, a kai asibiti, a tafi da sunan sinadarin. Haka ƙunar wuta: ba ɗanyen ƙwai, ba ƙullun koko, ba man goge baki. Ruwa dai.

Sai maganar hijabi, wadda malamai ke kauce wa. Ba wanda ya ce a cire. A cusa shi cikin rigar aiki, a ɗaure hannun riga, a zaɓi na auduga, domin yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata. Wutar sifirit kuwa da rana tsaka ba a cika ganinta ba. Kada a ɗauka wannan matsalar talaka ce kawai: a Disamba 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelas a Amurka, wata matashiya 'yar shekara 23 ta ƙone a ɗakin gwaje-gwaje ba rigar aiki a jikinta, ta rasu a watan Janairu 2009.

Na san amsar shugabannin makarantu: "Babu kuɗi, Malam." Na yarda babu. Amma duro ɗaya na ruwa, bokitin yashi, tabaran kare ido, robar fifet da takardar manna suna a kwalba, duka ba su kai kuɗin walimar yaye ɗalibai ba. Kuma dokar da ta fi kowace tsada kyauta ce: asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid, in ba haka ba ya tafasa ya watso maka a fuska. Zuba sinadari a gorar lemo, a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 yara na fama da ƙishi, wannan ganganci ne tsagwaronsa.

Marigayi Shehu Shagari malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, saboda haka kimiyya ba baƙuwa ba ce a nan. Ina roƙon Ma'aikatar Ilimi ta jiha ta riƙa duba ɗakunan nan tun zangon farko, yara su fara gwaji daga aji huɗu. Ku kuma iyaye, a taron iyaye da malamai na gaba, ku nemi a buɗe muku ɗakin ku gani da idonku. In ba ruwa a ciki, ku ce ba ku yarda ba.