Tirela tana wucewa ta Dambam, mu muna haddace Toyota

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu kwas ɗin tafiyar da safarar kaya daga mai samarwa zuwa mai saye, wanda muke ce wa saflai-cen: an ce za a yi bitar kwas ɗin, a duba koyarwa da sakamako. Madalla. Amma in dai bitar ita ce a ƙirga mutum nawa suka ci A, nawa suka kwashi kariyoba, wallahi a bar ta kawai. Maki shaidar hadda ce, bai nuna an iya komai ba.

Ni ɗan Dambam ne. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta garinmu ta bi, tsakanin Azare da Potiskum. Shanun kasuwar Potiskum, buhunan wake da riɗi masu tafiya Dawanau, tankokin mai, duk a gaban idonmu suke wucewa. Amma a samista guda ban ji an ambaci ko ɗaya daga cikinsu a aji ba. Toyota, Amazon, Walmart, shi ke nan.

An koya mana tsarin Toyota na cewa kada ka tara kaya a sito, a kawo maka daidai lokacin da kake buƙata. Tsari ne mai kyau inda hanya lafiya lau take, wuta ba ta ɗaukewa, mai kawo kaya kuma ba ya saɓa alkawari. To je ka faɗa wa ɗan kasuwar hatsi a Azare haka, ka ga kallon da zai yi maka. Shi ribarsa a ajiya take: ya saya da kaka lokacin da mudu ya yi araha, ya riƙe har damina. Lissafinsa kuɗin sito ne, da ƙwarin da ke huda wake, da la'adar dillali, da kuɗin 'yan dako, da abin da direba zai ajiye a kowane shinge. Wannan fa shi ne ainihin darasin ajiyar kaya, kuma mutumin da ya fi mu iya shi ko firamare wataƙila bai gama ba.

Misalai kuma ba su yi mana ƙaranci ba. Mun yi tambaya a jarabawa kan jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suez kwana 6 a watan Maris na 2021. Makonni kaɗan kafin nan, dillalan shanu da kayan abinci na Arewa sun tsayar da kai kaya Kudu, tumatir ya yi tsada a Legas, a nan kuma yana ruɓewa a kwando. Me ya hana a tambaye mu wannan? Ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, da yadda ya hargitsa kuɗin mota. Ga daminar 2024 da ruwa ya yanke wannan hanya tamu a ƙaramar hukumar Katagum.

Na san wani zai ce manhaja daga Abuja take zuwa. A'a. Sabon tsarin CCMAS da hukumar NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 kashi 70 cikin 100 ya tsara, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Ina namu kashi 30 ɗin ya tafi? Ga kuma shirin SPESSE da Bankin Duniya ya tallafa, wanda ATBU Bauchi da ABU Zariya suke cikin cibiyoyinsa 6 na horo kan harkar sayen kaya. Ashe dai masana suna kusa.

Malamanmu, Allah Ya saka da alheri, mun san aji ya cika, kuɗin fita babu. Amma zuwa kasuwa ba ya buƙatar biza.

Abin da nake so kwamitin bita ya yi: a sa kowane rukuni ya bi buhu ɗaya daga gona har hannun mai saye, ya rubuta kowace naira da aka kashe a hanya, a ba wannan aikin maki mai kauri. A gayyato shugaban 'yan tasha da dillalin hatsi su yi mana lakca ko sau ɗaya ne. Sannan a nemo waɗanda suka gama a ji ina suke aiki. Fom ɗin tantance malamai kuma a daina raba shi malamin yana tsaye a kanmu, domin babu mai rubuta gaskiya alhali sakamakonsa bai fito ba.