Shugabar mata a jam'iyyun Kano: Aiki nata, kujera ta wasu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe a Fagge, Gwale ko Dawakin Tofa ya san layin da ke fara cika tun da sassafe, kuma ya san wanda ke jure rana har la'asar. Layin mata ne. Bayan kowane irin wannan layi akwai wata mata da ta shafe makonni tana shiga gida-gida, tana tambayar wace ce ta karɓi katin zaɓenta, wace ce mijinta bai amince ta fita ba, wace ce ke jego da sai an nemo mata Adaidaita Sahu. Ita ce shugabar mata ta mazaɓa, kuma babu jam'iyyar da za ta ci zaɓe a Kano ba tare da irinta ba.

Jihar na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Kowace babbar jam'iyya, APC ce ko NNPP ko PDP, tana da kujerar shugabar mata tun daga mazaɓa har matakin jiha. Ba albashi ake biyansu ba. Abin da ke shigowa shi ne kuɗin mota ranar gangami, turmin atamfa mai hoton ɗan takara, wani lokacin taliya da sabulu da za ta raba, a kuma zarge ta da cin rabi. Jarinta na gaskiya shi ne ƙofar da ke buɗe mata. Namiji ɗan siyasa, komai farin jininsa, iyakarsa zaure, domin gidajen da aka rubuta wa "ba shiga" ba su san shi ba. Ita kuwa tana shiga har ɗaka, ta san gidan da ake biki da wanda aka yi rasuwa, tana cikin adashen unguwa, tana zuwa Islamiyyar matan aure. A zaɓen gwamna na 2023 tazarar da ke tsakanin Abba Kabir Yusuf da Nasiru Yusuf Gawuna ba ta kai ƙuri'a 130,000 ba, a jihar da ke da masu rajista kusan miliyan 6. Irin wannan tazara a tsakar gidaje ake haɗa ta.

To, bayan an rantsar da gwamnati fa? Majalisar Dokokin Jihar Kano na da kujeru 40, kuma zaɓen 2023 bai kai mace ko ɗaya cikinta ba. A ƙasa baki ɗaya mata sun kai kashi 47.5 cikin 100 na masu rajistar zaɓe miliyan 93.4, amma Majalisar Dattawa mai kujeru 109 ta tashi da mata huɗu kacal, ita ma ta huɗun, Natasha Akpoti-Uduaghan, sai da kotu ta karɓo mata kujerarta.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce addini da al'ada ne suka hana. Tarihin Kano kansa bai goyi bayan wannan ba. A shekarun 1950, lokacin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita, NEPU ta Malam Aminu Kano tana da reshen mata mai ƙarfi. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga jam'iyyar tana da shekara 17 a Zariya, ta zo Kano tana wayar da kan matan kulle, aka kama ta aka ɗaure, kuma an ruwaito cewa sau 16 tana shiga kurkuku a rayuwarta. Sai a 1976 matan Arewa suka fara kaɗa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi. A 1983 Malam Aminu, wanda babu mai shakkar iliminsa na addini, ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa ƙarƙashin PRP, kafin rasuwarsa a watan Afrilun shekarar. Jihar da ta ga wannan shekaru fiye da 40 da suka wuce ba za ta ce yau ne ta fara jin labarin mace a siyasa ba. Kuma abin mamaki, al'adar da ake cewa ta hana mace zama a majalisa ba ta taɓa hana a kwashe ta a mota zuwa filin wasa na Sani Abacha ta yi guɗa a cikin rana ba.

Matsalar tana cikin ginin jam'iyyun ne. A shugabannin mazaɓa akwai ciyaman, sakatare, ma'aji, sakataren tsare-tsare da sauransu, kuma kusan ko'ina maza ne. An ware wa mata kujera ɗaya, sai ta zama katanga: duk macen da ta nuna ƙwazo a tura ta can, a ce ai ga gurbinku. Ita kanta kujerar ba mata ne ke zaɓen wadda za ta hau ba. Uban gidan siyasar yankin ne ke rubuta sunan, don haka biyayyarta gare shi take, kuma ranar da ta ɗaga murya za a samo wata. Sannan akwai lokacin taro. Maganar wanda za a tsayar takara ba a ofishin jam'iyya da rana ake yanke ta ba, a falon wani babba ake yi, bayan sallar isha'i, har tsakar dare. Matar aure da ta halarci irin wannan zama ta san sunan da za a kira ta da shi washegari a unguwa. Wadda ba ta je ba kuma sai dai ta ji sakamako a rediyo.

Jam'iyyu na alfahari da cewa suna bai wa mata fom kyauta. A 2022 fom ɗin APC na majalisar jiha naira miliyan 2 ne, na majalisar wakilai miliyan 10, na gwamna miliyan 50, aka yafe wa mata kuɗin fom ɗin takarar, suka biya na nuna sha'awa kawai. Rangwame ne, ba a musu. Sai dai fom tikitin shiga fili ne kurum, kuma a 2022 alƙalan wasan su ne daliget. Macen da ta karɓi fom kyauta ta tarar da jerin daliget da wani ya rubuta a ɗakinsa, ta riga ta faɗi tun ba a ƙirga ba. Wasu ma kyautar ake juyawa a kansu lokacin sulhu, a ce ke da ba ki kashe komai ba, ki janye wa wanda ya biya.

Abin da ya faru a Adamawa a watan Mayun 2022 ya nuna inda ƙofar take. A zaɓen fitar da gwani na gwamna a APC, Sanata Aishatu Dahiru Binani ta kayar da Nuhu Ribadu da tsohon gwamna Jibrilla Bindow. Ƙa'idar jam'iyyar a lokacin ta ce cikin daliget biyar na kowace mazaɓa a samu mata biyu, kuma Binani ta daɗe tana hulɗa da matan karkara, don haka da mazan suka raba ƙuri'unsu, nata suka tsaya wuri guda. Yadda babban zaɓen ya ƙare da hayaniyar da ta biyo baya wani zance ne daban. Darasin shi ne mata biyu cikin biyar, idan da gaske su ke riƙe da ƙuri'arsu, sun isa su sauya ɗan takarar jiha guda.

Ana ta jiran Abuja. Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ta yi alƙawarin kashi 35 na muƙamai. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudirori biyar da suka shafi mata, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofarta. Ƙudirin ware wa mata kujeru na musamman yana da amfani, amma ko ya zama doka, waɗanda za su cike gurbin su ne dai masu rubuta sunaye a falo, kuma ba wuya kujerun su koma hannun matan manya da 'ya'yansu, a bar wadda ta ci ƙurar unguwa da atamfarta.

Shi ya sa cinikin da ya fi dacewa da shugabannin mata na Kano shi ne wanda za su yi a lokacin zaɓen shugabannin jam'iyya na mazaɓu, tun kafin a buga hoton kowane ɗan takara. A nan ne ake raba sakatare da ma'aji, a nan rajistar 'yan jam'iyya take, kuma ko da 'yar tinƙe za a yi, mai riƙe da rajistar shi ke sanin wanda zai shiga layi. Su nemi mata su zaɓi shugabarsu da kansu, su nemi kujera ta biyu da ta uku a cikin shugabannin mazaɓa, su nemi a mayar da taron yanke shawara ofis kuma da rana, su kuma nemi a rubuta adadin kujerun kansila da za a bar wa mata a kowace ƙaramar hukuma. Ɗan takarar da ke buƙatar a shiga masa gida 500 a Kurna ko Rijiyar Lemo zai saurari waɗannan sharuɗɗa wata shida kafin zaɓe, lokacin da bai da wata hanyar isa ga matan da ke cikin gidajen.