Wasiƙa zuwa ga ƴan labo da masu riƙe da farmasi a Madawa, Buza da Keita



 Na rubuto muku ne a kan gwajin magani a faranti, wanda a makarantunmu ake ce wa CCM, a Najeriya kuma TLC. A ganina lokaci ya yi da wannan aiki zai zauna a hannunku, ku na gunduma, ya daina zama abin da sai an jira Yamai.

Kun fi kowa sanin abin da damina take yi mana. Daga Yuli zuwa Oktoba ɗakin yara ba ya rabuwa da masassara da tamowa, kuma tun 2013 Madawa da Buza suna cikin wuraren farko a Nijar da aka soma raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin masassara na damina. Duk wannan ɗawainiya ta rataya ne a kan zato guda: abin da aka rubuta a kwali shi ne a cikin ƙwaya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, magani ɗaya cikin goma jabu ne ko kuma bai kai inganci ba. Mutumin Bangi, Sabon Gida, Karofane ko Tamaske kuwa, sau da yawa mai teburin magani yake fara tambaya kafin ya iso wurin majo a asibiti.

Gwajin ba wuya gare shi. Faranti ɗan siririn alminiyan ne, faɗin santimita 5 tsawon 10, an shafe fuskarsa da farin garin silika. Ka niƙa ƙwaya, ka narkar da ita yadda littafin gwajin ya ce, ka ɗiga ɗan ɗigo kusa da gindin faranti, ka tsayar da shi a kwalba mai ruwan sinadari kaɗan a ƙasa. Ruwan zai yi ta hawa yana jan abin da ke cikin ɗigon. Wanda silika ta riƙe da ƙarfi ya tsaya ƙasa, wanda bai kama sosai ba ya yi sama, kowane magani da inda yake yada zango. Bajamushe Egon Stahl ne ya daidaita hanyar a shekarun 1950, kuma tun ƙarshen shekarun 1990 wata gidauniya ta Jamus, GPHF, ta tattara kayan aikin cikin akwatin Minilab, wanda yanzu yake gwada magunguna fiye da ɗari. Da irin wannan akwati ma'aikatan cibiyoyin magani na coci a Kamaru da Kwango suka kama jabun kulorokin a 2020, lokacin da korona ta sa kowa nemansa. Wasu ƙwayoyin farasitamol aka samu a ciki, wasu meturonidazol. Sanarwar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan wannan jabu ta ambaci Nijar.

Amma kafin ka buɗe kwalba, ka buɗe ido. A 1995, ana tsakiyar annobar sanƙarau, Nijar ta karɓi gudummawar allurar rigakafi guda 88,000 daga Najeriya. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aiki da jami'an lafiyarmu suka lura garin ba ya narkewa yadda aka saba, ga wasu baƙaƙen zarurruka cikin ruwan. Da aka tambayi kamfanin da sunansa ke jiki, ya ce lambar rukunin da ranar lalacewar ba su dace da takardunsa ba. Ba komai a ciki, kuma an riga an yi wa mutum wajen 60,000. Ido da tambaya suka kama wannan, domin faranti ba ya gwada allurar rigakafi ko kaɗan. Saboda haka ka ɗauki kwali ka juya shi. Ka duba ko lambar rukuni da ke kwali ita ce a kan katin ƙwayoyin, ko rubutun yana da kuskure, ko tawada tana gogewa da babban yatsa, ko ƙwayoyin kati ɗaya launinsu ɗaya. Sannan ka jefa ƙwaya a ruwa mai ɗumin digiri 37. Ƙwayar da ba ta da rufi na musamman, in ta wuce minti 30 tana nan daram, ka rubuta, domin ko maganin yana ciki, da wuya jiki ya amfana da shi.

Yanzu hannu. Yawancin farantan da suke ɓata wa mutum rai, mai aikin ne ya ɓata su. Layin gindi da fensir ake ja, a hankali, kada a kankare silika. Biro tawadarsa za ta bi ruwa ta hau. A kama faranti ta gefe, don tabon yatsa yana fitowa a ƙarƙashin fitila. Ɗigo ya zama ƙarami, kuma ya bushe sarai kafin ya shiga kwalba. Ruwan da ke kwalba kada ya taɓa layin, in ya taɓa ya wanke ɗigon, aiki ya tashi a banza. Kwalbar kanta a lulluɓe cikinta da takardar tacewa, a rufe, a ba ta kamar minti 15 tururi ya cika ta. Na san mai layin marasa lafiya a bakin ƙofa zai ga wannan jira ɓata lokaci ne, amma shi ke sa ɗigo ya hau a miƙe.

Littafin an rubuta shi ne a ƙasar sanyi, mu kuwa muna Adar. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40, kuma sinadarai masu saurin tashi suna gudu daga kwalba, haɗin da ka auna da safe ba shi ne a hannunka da azahar ba. Ku haɗa sabo kullum, ku yi aikin da sanyin safiya, nesa da fanka da taga. A damina silika tana shan laima, sai tafiyar ɗigo ta sauya. A hunturu ƙura tana sauka a kai. Ku ajiye faranti a rufe cikin kwalinsa. Ƙwayar ma'auni, wato maganin gaskiya da ake kwatantawa da shi, ita ce ran aikin gaba ɗaya. Tana da ranar lalacewa, wasu kuma firji suke so. Ranar da ta ƙare, kada a ɗauko wata daga kanta a ce ai wannan mai kyau ce. In ba ma'auni, a dakata. Mitanol kuma yana makantarwa yana kisa; a rubuta sunansa baro-baro, a kulle shi, kada a taɓa zuba shi a gorar ruwan sha.

Wurin karanta faranti ne nake so mu daɗe. Ɗigo huɗu ake jerawa: ma'auni mai cikakken ƙarfi, samfur biyu, da ma'auni mai kashi 80 cikin ɗari. Ka shiga duhu, ka haska fitilar UV, farantin ya yi kore, ɗigon su fito duhu-duhu a kansa. In na samfur bai fito ba sam, ko ya tsaya wani wuri dabam, magana ta fito fili. In ya fito amma ya fi na kashi 80 dushewa, akwai zargi. Tsakanin kashi 75 da 85 kuwa, idon mutum ba ya rabewa da tabbaci, kuma wanda ya ce maka yana rabewa ya ɗora wa kansa abin da faranti bai ba shi ba. Abubuwa biyu dabam suna iya tsayawa wuri ɗaya, shi ya sa ake ƙara duba na biyu, da tururin aidin ko wani rini, a ɗauki hoto nan take kafin tabon ya gushe.

Maganin haɗi yana son kulawa biyu. A Coartem da ire-irensa, lumefantirin yana fitowa a fitila ba wahala, amma atemita ba ya nuna kansa sai an tsoma faranti a ruwan asid an ɗumama shi. Wanda ya ga ɗigo ɗaya ya rufe littafi, rabin magani ya gwada. Haka sulfadoksin da firimetamin na rabon damina: miligiram 500 ne da 25, ƙaramin yana da sauƙin ɓacewa, kuma sai da shi maganin yake cika.

Faranti yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Ruwan maganin haƙori na My Pikin da ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009, da maganin tari da ya kashe yara wajen 70 a Gambiya a 2022, gubar tana cikin ruwan da aka narkar da maganin ne. Mai neman farasitamol a irin wannan kwalba yana iya samunsa cif, ya sa hannu. Neman wannan guba gwaji ne na dabam da nasa ma'auni.

A kan maganin gargajiya ina roƙon ku da ladabi. Sabara, marke, bagaruwa da tazargade kowanne zai ba ka jerin ɗigo masu yawa, kuma farantin ba zai faɗa maka ko suna warkarwa ba. Abin da zai iya shi ne kwatanta garin kasuwa da ganyen da masani ya tsinko da hannunsa, a ga ko abu ɗaya ne. Amfaninsa mafi girma yana wajen garin leda da ruwan gora da ake tallarsu da lasifika, na ƙarfin maza, na ciwon gaɓoɓi, na ƙiba. A ƙasashe da dama an sha kama irinsu da maganin asibiti a ɓoye, sildenafil, dikulofenak, deksametazon. Ka jera ma'aunin waɗannan kusa da samfur. Mai hawan jini ko gyambon ciki da ke sha yana ganin itace ne kawai, shi za ka ceta. Masu maganin da suka gaji sana'ar iyaye ba su da asara a wannan gwaji, don haka ku gayyace su, ku nuna musu farantin.

Abinci kuwa, ku san iyakarku. Gubar afalatoksin da ke kama gujiya da masara in an adana su da danshi tana haskawa shuɗi ko kore a faranti, amma sai an tace samfur an tsarkake shi, kuma ma'auninta guba ne mai kawo ciwon dajin hanta. Wannan na babban labo ne. Haska fitila a kan buhu ko tunkuza ba gwaji ba ne. Jan rinin masana'anta da ake zubawa a manja da garin barkono ya fi sauƙi, ido ma yana ganinsa a faranti in akwai ma'auni.

In samfur ya faɗi, a sake da wasu ƙwayoyi biyu daga rukunin, in da hali da hannun wani abokin aiki. In ya sake faɗuwa, a ware kayan, a rubuta suna, lambar rukuni, inda aka saya da rana, a ajiye ragowar cikin kwalinsu na asali, a sanar da babban likitan gunduma da hukumar lafiya ta jiha a Tawa, samfur ya tafi babban labo na LANSPEX a Yamai. Faranti mai ba da shaida ne, hukunci na can ne. Kada hoton ya riga rahoto shiga WhatsApp, kada a kira kowa ɓarawo a bainar kasuwa. Amoksisilin da ya kwana wata uku ƙarƙashin kwano a Ibohamane yana iya raunana ba tare da kowa ya yi ha'inci ba, kuma mai tebur sau da yawa shi ma sayar masa aka yi. In ka tozarta shi, ba zai faɗa maka wanda ya kawo masa ba. Kada kuma ku tsaya kan kasuwa kaɗai. Ku riƙa ɗaukar samfur daga magazan ɗinku da na cibiyoyin lafiya (CSI) mafi nisa, musamman kayan da suka ƙetare bazara, ku gwada su kafin rabon farko na damina.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a wannan aiki