Haƙƙin Saurayi Mai Ciwon Sukari A Kan Malaminsa Da Ubangidansa

Ga magana zuwa ga malamai da attajirai a kan almajiri ko yaron kanti wanda ƙishirwa da yawan fitsari da rama suka kai shi asibiti, likita ya ce yana da ciwon sukari iri na farko.

A sani, wannan ya bambanta da irin wanda ya fi kama dattawa. Allah ya halicci wata gaɓa a bayan tumbi wadda ke fitar da sinadari mai suna insulin, shi ke shigar da sukarin abinci cikin tsoka. A iri na farko gaɓar ta daina fitarwa. Ba kwaɗayi ya jawo ba, ba sammu ba, kuma ba a ɗauka wurin cin abinci ƙwarya ɗaya. Dā mai wannan ciwo ba ya daɗewa, sai a 1921 Banting da Best suka samo insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa a 1922, ya rayu. Har yau ba a sami abin da ya maye gurbinta ba.

Saboda haka babban taimako shi ne kada allurar nan ta yanke ko da kwana ɗaya. Malam ya yi addu'a, ya yi nasiha da haƙuri, amma kada ya ce a ajiye allura a gwada rubutu ko sassaƙe. Wanda ya bar ta, cikin 'yan kwanaki sai amai da nishi da suma, daga nan sai kabari. Neman magani ba ya ɓata tawakkali.

Sai zancen azumi. Muhtasar na Halilu ya bayyana cewa shan azumi wajibi ne ga wanda ke tsoron halaka ko matsananciyar cuta. To, a bar likita amintacce ya auna hali, malam kuma ya yi fatawa a kai, ya fid da saurayin daga kunyar tsararrakinsa.

Ubangida kuwa, nasa haƙƙin ya fi kama da dukiya. Kuɗin allura da na abin gwada jini ba su ƙarewa, a sa su cikin lissafin kanti kamar kuɗin haya. A bar yaro ya ci abinci a kan lokaci ko da kasuwa ta cika. In za a aike shi Kano ko Maraɗi, ya riƙi guzurin magani fiye da kwanakin tafiya, ya kiyaye shi daga rana, gama zafi mai tsanani yana lalata shi; a gida gindin randa ya fi bakin taga. Abokan zamansa su san alamar faɗuwar sukari: rawar jiki, gumi, ruɗewa. A ba shi sukari ko zuma nan take. In ya suma kada a ɗura masa kome, a garzaya asibiti.

Kada kuma a hana shi aure ko jari, haka budurwa. Mai kiyaye allurarsa yana haddace Alƙur'ani, yana fatauci, yana haihuwa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinya, amin.