Ɗan Hakin da Aka Raina: Binciken Magwajin Guba da Bukatar Mutanen Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

Sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana bisa hanyar Gwarzo. Wanda ya fito daga ƙofarsa ya fuskanci yamma, zai ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo, ya isa Gwarzo bayan tafiyar kimanin kilomita 70 daga birnin Kano. Ga mai mota wannan tafiya ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma ga sakamakon binciken kimiyya tana da nisa ƙwarai, domin abin da ake ganowa a ɗakunan gwaje-gwaje ba kasafai yake isa bakin rijiya ko bakin kasuwa ba. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa masanin kimiyyar sinadarai wanda ya zaɓi binciken magwajin guba ya zama aikin rayuwarsa, ba a yawan takardun da ya wallafa kaɗai ya kamata a auna shi ba. Ma'auni na gaskiya shi ne ko abin da ya ƙera ya iya gaya wa manomi ko mai ɗiban ruwa abin da ke cikin ruwansa da hatsinsa.

Mene Ne Nano?

Nanomita ma'auni ne na tsawo, watau kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na mita. Kaurin silin gashin ɗan Adam ya kai kimanin nanomita 80,000. Idan aka ƙanƙanta abu har ya kai 'yan nanomita kaɗan, sai halayensa su sāke. Zinariya dai kowa ya san ta rawaya ce, amma a shekarar 1857 Maikel Faraday ya nuna a Landan cewa ƙwayoyinta 'yan mitsi-mitsi da ke yawo cikin ruwa launin ja suke bayarwa. Idan kuma ƙwayoyin nan suka cure wuri ɗaya, sai launin ya koma shuɗi. A kan wannan sauyin launi aka gina magwajai da yawa. Jan layin nan da ke fitowa a galibin tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro, wanda ma'aikatan asibitocin karkara suka saba da shi, ƙwayoyin zinariya ne suka taru a wurin. Ashe ke nan kimiyyar nano ta riga ta shiga ƙauye, sunanta ne kawai bai shiga ba.

Abin da Ido Ba Ya Gani

Ƙasar Gwarzo da Kabo ƙasa ce ta noma da kiwo. Madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga da Pada, waɗanda suka samo asali daga shirin gina madatsu da aka soma a zamanin mulkin Audu Baƙo (1967 zuwa 1975), da kuma babbar madatsar Challawa da ke Ƙaraye wadda aka gama a 1992, sun buɗe wa jama'a ƙofar noman rani da su. To, amma noman zamani yana tafe da takin zamani da maganin feshi, kuma abin da aka zuba a gona ruwa yakan kwashe shi zuwa rafi ko ya nutse da shi ƙarƙashin ƙasa. Haka kuma mai ajiyar wake yakan sa masa maganin ƙwari don kada ya huje kafin farashi ya tashi, gyaɗa da masara kuwa idan ba su bushe sosai ba sukan yi fumfuna mai haifar da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada dalma ta wuce maikurogiram 10 a cikin litar ruwan sha. Wannan daidai yake da giram ɗaya a cikin lita 100,000, watau kusan cikin tanka uku na masu ɗaukar lita 33,000. Babu idon da zai ga wannan, babu harshen da zai ɗanɗana shi. Ruwa yana iya zama garau kamar hawaye, alhali kuwa yana ɗauke da abin da zai dakushe ƙwaƙwalwar yaro.

Ƙasar Hausa ta riga ta ga abin da rashin gwaji ke jawowa. A shekarar 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba a san musabbabin mutuwar ba sai da Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta lura da yawan sababbin kaburburan yara, aka aika da jini ƙasar waje don a auna. A ɓangaren ciniki kuma, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin nan dikulobos, wanda ke cikin fiya-fiya, sa'an nan a 2016 ta ƙara wa'adin hanin da shekara uku. A duka biyun, baƙi ne suka auna suka faɗa, bayan aikin gama ya gama.

Darasi Daga Rayuwar Masana Biyu

Farfesa Yi Lu ɗan asalin ƙasar Sin ne, ya soma koyarwa a Jami'ar Ilinoi ta Amurka a 1994. A shekarar 2000 ɗakin bincikensa ya fito da wani zaren sinadarin gado, watau DNA, wanda ke tsinkewa idan ya haɗu da dalma, ya ba da haske. Wannan ya isa a wallafa a kuma sami yabo, amma ganin hasken yana bukatar na'ura. Saboda haka a 2003 shi da ɗalibinsa Juewen Liu suka ɗaure ƙwayoyin zinariya da irin wannan zare. Muddin suna ɗaure launinsu shuɗi ne, da zarar dalma ta shiga sai zaren ya tsinke, ƙwayoyin su watse, launin ya koma ja. A 2011 kuma shi da Yu Xiang suka nuna yadda na'urar auna sukari ta masu ciwon sukari, wadda ake sayarwa a kantin magani, za ta iya auna abubuwan da ba sukari ba, har da sinadarin yuraniyom a cikin ruwa. Abin lura a nan shi ne, fiye da shekara goma mutumin nan yana bin matsala ɗaya, kuma kowane mataki da ya ɗauka yana rage tsadar gwaji, yana kuma rage ilmin da mai gwajin ke bukata.

Ta biyu ita ce Farfesa Tebello Nyokong, wadda aka haifa a Lesoto a 1951, ta kuma yi kiwon tumaki tana yarinya. Ta sami digirin digirgir a Kanada a 1987, ta shiga Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu a 1992, inda ta jagoranci cibiyar binciken magwajai na nano, ta kuma karɓi lambar yabo ta L'Oréal da UNESCO a 2009. Ta yaye ɗalibai masu yawa daga ƙasashen Afirka, ciki har da 'yan Nijeriya. Rayuwarta hujja ce cewa irin wannan aiki yana yiwuwa a nahiyar nan, kuma yarinyar da ke kora awaki a Getso ko Garo ba a rufe mata ƙofarsa ba.

Inda Gizo Ke Saƙa

A jami'o'in Nijeriya ƙarin girman malami ya rataya ne galibi a kan adadin abin da ya wallafa. Wannan tsari yana tura mai bincike ya riƙa tsalle daga wannan sinadari zuwa wancan, ya gwada magwajinsa a tsabtataccen ruwan kwalba, ya rubuta takarda, ya wuce. Ruwan rijiya kuwa ba haka yake ba. Yana da laka da gishiri da ƙarfe, ga kuma zafin bazara da ke haura digiri 40, wanda ke iya lalata tsinken gwaji tun yana cikin kwali. Warware waɗannan matsaloli yana cin shekaru, ba ya kuma haifar da takardu da yawa, don haka ba shi da farin jini.

Masu wani ra'ayi suna cewa aikin jami'a shi ne neman ilmi tsantsa, ƙera kaya kuwa na kamfanoni ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya a ƙasashen da kamfanoni ke tsaye a ƙofar ɗakin gwaji suna jiran abin da zai fito. A nan babu su, kuma idan malami ya saki aikin a tsakiyar hanya babu mai ɗauka. Wasu kuma suna cewa magwaji ba ya tace ruwa, wanda aka gaya wa rijiyarsa tana da guba alhali ba shi da wata, an ƙara masa damuwa ne kawai. Amsa ita ce, a gari mai rijiya biyar sanin wadda ta gurɓata yana ba uwa zaɓi a ranar, yana kuma ba mai unguwa hujjar da zai kai wa ƙaramar hukuma. Sai dai akwai haɗari na gaske wanda bai kamata a ɓoye shi ba: magwajin da ke ƙarya ya fi rashinsa muni, domin zai iya karya jarin ɗan kasuwa mai gaskiya, ko ya wanke gurɓataccen hatsi. Saboda haka wajibi ne a riƙa gwama sakamakonsa da na manyan na'urorin jami'a kafin a sake shi ga jama'a.

Akwai kuma batun harshe. Tsinken gwaji yana zuwa da bayani, kuma idan bayanin da Turanci ne, mai awon hatsi a kasuwar Gwarzo zai yi hasashe ne kawai. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar kalmomin fannin harshe da adabi. Fannin sinadarai yana jiran irin wannan hidima, a boko da ajami, kuma ba ta yiwuwa sai masanin harshe da masanin sinadarai sun zauna a tabarma ɗaya.

Kammalawa

Abubuwa uku ake bukata. Na farko, kwamitocin ƙarin girma su ba magwajin da aka gwada a fili ya kuma yi aiki maki daidai da na takardun da aka wallafa. Na biyu, asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, ya ba irin wannan bincike kuɗi na shekaru masu yawa, tare da sharaɗin gwaji a rijiyoyi da kasuwannin karkara. Na uku, kowane magwaji ya fito da bayani da Hausa wanda aka jarraba a kan manoma da masu awo, aka tabbatar sun fahimce shi. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Zamfara ta sami masu aunawa bayan ta binne 'ya'yanta, Gwarzo da Kabo kuwa suna da damar samun magwaji tun ba a kai ga haka ba.